An Ba Yaronka Soshiyoloji? Zo Mu Yi Lissafi



Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, tambaya iri ɗaya ce take iske mu, ko a rumfar hatsi ko a ƙofar masallaci bayan an sallame Magariba. Uba ya sa rai ɗansa zai karanta aikin likita ko lauya ko akanta, sai ga takarda ta fito an ba shi wani abu wai shi soshiyoloji. Sai ya zo yana juya waya a hannu: "Liman, wannan kuma mene ne? In ya gama, me za a kira shi?" Wani ma kafin ya iso ya riga ya yanke hukunci, yaron ya haƙura ya sake zana JAMB baɗi, ko ya zo ya riƙe masa shago.

Mu dai ba mu taka jami'a ba. Karatunmu allo ne, sai Islamiyya, sai zaure, sai kuma kasuwa wadda ita ma makaranta ce mai zaman kanta. Amma tambayar ta yi yawa har ta sa muka zauna da yaran unguwar nan da suka yi wannan karatu, muka sa suka buɗe mana littattafansu suna fassara mana, muka kuma bi sawun inda suka ƙare bayan bautar ƙasa. Abin da muka fahimta shi za mu shimfiɗa a nan yadda ɗan kasuwa yake lissafinsa: wane kaya ake saye, nawa ne jarin, ina ribar, ta ina kuma asara take iya ɓullowa.

Da farko dai kayan. Soshiyoloji shi ne ilimin zamantakewa, wato nazarin yadda mutane suke zama tare: gida da aure da gado, kasuwa da sana'a, gari da ƙauye, ƙaura da baƙunta, laifi da hukunci, mulki da biyayya, abin da yake haɗa jama'a da abin da yake raba su. To, ai kowane dattijo a majalisa yana da ra'ayi a kan waɗannan. Bambancin shi ne ɗalibin wannan fanni ana horar da shi ya fita ya tambaya, ya ƙirga, ya rubuta, ya gwada da na wani wuri, kafin ya buɗe baki. Mu a majalisa mukan ce "sakin aure ya yi yawa a zamanin nan", a gyaɗa kai a wuce. Shi kuwa sai ya ce: guda nawa a bara, guda nawa shekara goma da suka wuce, a wane irin gida, bayan wata nawa da ɗaurin auren, kuma matan da kansu me suka ce ya jawo?

Wanda yake ganin abin baƙo ne daga Turawa, to ya ɗan dakata. Gaskiya ne wani Bafaranshe mai suna Ogus Kont shi ya raɗa masa wannan suna a wajejen 1838. Amma kusan shekara ɗari biyar kafin shi, Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, alƙali kuma malamin mazhabar Malikiyya irin wadda muke bi, ya rubuta Muƙaddima a 1377. A ciki ya ce ya buɗe wani fanni da ya kira ilimin umran, ilimin rayuwar jama'a. Ya yi bayanin bambancin mutanen daji da mutanen birni, da yadda haɗin kan dangi, wanda ya kira asabiyya, yake kafa daula, da yadda jin daɗi yake narkar da wannan haɗin kai bayan 'yan tsararraki har daular ta faɗi. Ya lura cewa daula a ƙuruciyarta takan sa haraji kaɗan ta tara da yawa, a tsufanta kuma ta tsawwala ta tara kaɗan, don 'yan kasuwa sun karaya. Wane ɗan kasuwa ne a cikinmu da yake biyan kuɗin shinge daga nan zuwa Jalingo bai gane wannan magana ba? Ya kuma ja kunnen masu rubuta tarihi kada su karɓi adadin runduna ko na dukiya don kawai wani ya faɗa, sai sun auna da hankali ko ƙasar za ta iya ɗaukar wannan adadi. Har labarin sarakunan Mali, su Mansa Musa, ya kawo a babban littafinsa na tarihi. Yau a sassan soshiyoloji na duniya ana karanta shi a sahun magabata.

Abin da ya fi taɓa mu cikin abin da yaran suka karanta mana shi ne labarin Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa irin tamu da aka kafa a 1916. Wani masani mai suna Abna Kohen ya zauna a cikinta a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a 1969. Tambayarsa ita ce: yaya 'yan tsirarun baƙi a tsakiyar ƙasar Yarbawa suka riƙe fataucin goro da na shanu hannu bibbiyu? Ya gano cewa sirrin yana wajen masu gida, waɗanda suke saukar da fatake, su ajiye musu kuɗi, su haɗa su da dillalai, su tsaya musu idan an ba mahauta shanu bashi. Babu banki, babu takardar yarjejeniya, amana ce da sanin juna da tsoron zubewar mutunci a unguwa. Ya kuma nuna cewa da siyasar jam'iyyu ta shigo a shekarun 1950, Turawa suka daina kare matsayin unguwar na daban, sai mutanen Sabo suka ƙara ƙulle kansu ta hanyar addini da masallacin Juma'arsu, don kada cinikin da haɗin kan su wargaje. Duk wanda ya taɓa sauka gidan fatoma, ko ya ga yadda ake ƙulla ciniki a kasuwar shanu ta Iware da musafaha kawai, ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Ba shi kaɗai ba ne. Wata Baturiya, Meri Simit, ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954. Wata kuma, Poli Hil, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta bi gonaki da rumbuna gida gida don ta gane dalilin da ya sa wani manomi yake arziki wani yake talaucewa a ƙauye ɗaya, littafinta ya fito a 1972. An yi irin wannan a zangon Kumasi ma. Daga cikin namu, Farfesa Mahdi Adamu ya fitar da littafinsa a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978, ko da yake shi ta ƙofar tarihi ya shigo. Ka ga ke nan, an daɗe ana zuwa daga nesa ana nazarin irin zamanmu, ana samun digiri da kujerar farfesa da shi. Mu da muke cikin abin, muna ganin karatun banza ne idan aka ba yaronmu.

Yanzu mu dawo gida Sunkani. Muna zaune a hedikwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola, a jihar da aka yanko daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta 1991, mai ƙananan hukumomi 16 da gomman ƙabilu. Maƙwabtanmu Kona ne da Mumuye da Fulani da sauransu. Muna sayen masararsu da doyarsu da riɗinsu da nononsu, suna sayen kayanmu, yaranmu suna aji ɗaya. Wasunmu kakanninsu ne suka zo daga Kano ko Katsina ko Haɗeja ko Bauchi, su da iyayensu nan aka binne cibiyarsu. Irin wannan zama yana da daɗi, yana kuma da laulayi. Ba mu manta tsakiyar 2019 ba, lokacin da rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya a ƙauyukan Ardo Kola da gefen Jalingo, aka yi asarar rayuka da gidaje ta kowane ɓangare, har aka sa dokar hana fita. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba. A irin wannan lokaci ɗan kasuwa baƙo shi ne a tsakiya, kasuwa ta mutu, bashin da ya bayar ya maƙale, kowane ɓangare yana kallonsa da ayar tambaya.

Bayan ƙura ta lafa, me yake biyowa? Kwamiti. Gwamnati ta kafa nata, ƙungiyoyin agaji su zo da nasu, a ɗauko takardun tambayoyi a bi sansani da ƙauye, a rubuta rahoto. A kan wannan rahoto ake raba kayan tallafi, a kansa ake yanke inda za a haƙa rijiyar burtsatse, inda burtali zai bi, wa za a gayyata teburin sulhu. Haka aka yi bayan ambaliyar 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru kogin Binuwai ya cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomin da suke bakinsa, haka kuma a 2022. Masu tsara waɗannan tambayoyi da masu tattara amsa da masu rubuta rahoton, da yawansu wannan karatu suka yi ko danginsa. Idan babu ɗan unguwa a cikinsu, ba sai an yi mana mugunta ba, mantuwa kawai ta isa. Wanda bai san akwai zawarawa da marayu a bayan wancan dogon zaure ba, ba zai rubuta su ba, kuma wanda ba a rubuta ba ba ya cikin rabo.

Ga kuma maganar ƙidaya. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce ƙasar tana da mutum miliyan 140, Taraba kuma kimanin miliyan 2.3. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Yaron da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yau ya isa shiga jami'a, amma da waɗancan alƙaluma ake ta hasashe har yanzu wajen rabon makarantu da asibitoci. Ga maganar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga makaranta da ɗaukar aiki a faɗin ƙasar nan, wadda kuma take zame wa zuriyar baƙi ƙarfen ƙafa ko a Jos ko a Ibadan ko a Kano. Bayarabe ko Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano yana da irin kukan da Bahaushen da aka haifa a kudu yake da shi. Wannan batu na ɗan ƙasa da baƙo yana cikin manyan abubuwan da ake nazari a sassan soshiyoloji na Nijeriya. Ihu a majalisa ba ya warware shi. Ana bukatar wanda zai iya kawo tarihin zuwan unguwa, da yawan gidajenta, da harajin da take biya, a rubuce, cikin ladabi, a gaban hukuma da masu sarauta.

Wani misali da duk muka gani da idonmu shi ne rigakafin shan inna. A 2003 an dakatar da shi a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargi da rashin yarda, kuma rashin yardar tana da tushe, don mutane ba su manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Maganin yana nan, likitoci suna nan, amma ƙofofi a rufe. Abin bai gyaru ba sai da aka koma ga sarakuna da malamai da masu unguwanni da matan da suke shiga gida gida, aka saurari abin da jama'a suke tsoro. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Likita ya san allura, amma sanin dalilin da ya sa maigida ya hana shiga gidansa, da bakin wa zai ji, wani ilimi ne daban, shi ne kuma wanda muke magana a kai.

To, nawa ne jarin? Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. A JAMB Turanci dole ne, sai darussa uku daga ɓangaren zamantakewa da adabi, irin su Gwamnati ko Tarihi, da Tattalin Arziki, da Labarin Ƙasa. Kowace jami'a tana da ƙa'idarta, a sa yaro ya duba kafin ya cike. Karatun shekara huɗu ne, mai shiga kai tsaye da babbar takarda kuma uku, in ba a yi yajin aiki ba, don na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Alhamdu lillahi ba sai an yi nisa ba. Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008 tana da wannan sashe, haka Jami'ar Tarayya ta Wukari da aka kafa a 2011. Mai son fita waje ga Jami'ar Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga ta Maiduguri. Kusancin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya mace, ko ga wanda yake son yaronsa ya riƙa dawowa ranar kasuwa yana kama masa. Tun 2024 kuma akwai asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda babu kuɗin ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi dai bashi ne, a yi shawara kafin a ci.

A ciki za su karanta ra'ayoyin magabatan fannin, da dabarun bincike, da lissafin alƙaluma, da nazarin iyali, da na ƙauye da birni, da na laifuffuka, da na yawan jama'a, da na lafiya, da na ma'aikata da masana'antu. A shekarar ƙarshe kowa zai yi furojet, ya zaɓi matsala guda ya fita ya bincika ya rubuta.

Sai babbar tambaya, ina ribar? A nan za mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Wanda ya karanta aikin jinya ko haɗa magunguna ko lauya yana fita da lasisi da sunan sana'a. Mai soshiyoloji ba shi da wannan. Babu ofishin da aka rubuta sunansa a ƙofa yana jiransa. Ƙofofin da yake iya ƙwanƙwasawa dai suna da yawa. Akwai aikin jin daɗin jama'a a ma'aikatar mata da walwala da ƙananan hukumomi, masu kula da marayu da rikicin iyali da yaran da suka yi laifi. Akwai Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da Hukumar Ƙididdiga. Akwai aikin ɗamara: 'yan sanda, da gidan gyaran hali wanda dokar 2019 ta canja masa suna daga gidan yari, da shige da fice, da sibil difens, da NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Akwai NEMA da takwararta ta jiha masu agajin gaggawa. Mai digiri a aikin gwamnati yakan fara ne daga mataki na 8. Akwai ƙungiyoyin agaji na gida da na waje da suka cika Arewa maso Gabas tun bayan rikicin Boko Haram, masu ɗaukar jami'an fili da masu bibiyar aiki da auna sakamakonsa. Akwai sashen kula da ma'aikata a kamfanoni da bankuna, da aikin jarida. Akwai koyarwa, amma sai an ƙara difilomar ilimi an yi rajista da hukumar malamai. Mai ƙoƙari kuma ya wuce digiri na biyu da na uku ya zama malamin jami'a.

Sai dai kowace ƙofa a cikin waɗannan akwai dubbai a bakinta, masu kimiyyar siyasa da tattalin arziki da aikin gwamnati duk layi ɗaya suke bi da shi. Aikin ƙungiyoyin agaji kuma na kwantiragi ne, in kuɗin ya ƙare aikin ya ƙare, kamar yadda aka gani a 2025 da Amurka ta janye tallafinta mai yawa, ma'aikata da dama suka koma gida. A unguwar nan muna da mai wannan digiri da yake tuƙa Keke, muna da wanda yake cajin waya, sana'a kuwa ba abin kunya ba ce. Muna kuma da wanda yake yawo jiha jiha da ƙungiyar lafiya, shi yake riƙe da gidansu. Da muka dubi su biyun, ba mu ga bambanci a takardar ba. Bambancin yana cikin abin da kowa ya haɗa da ita.

Don haka ga shawararmu ga yaran da iyayensu. Na ɗaya, kada yaro ya guji darasin alƙaluma. Da yawa sun gudo soshiyoloji ne don tsoron lissafi, sai su lallaɓa su tsallake wannan darasi da kyar, alhali shi ne abin sayarwa a cikin kayan. Ya iya Excel da SPSS, ya iya tattara bayanai da waya ta manhaja irin su KoboToolbox da ODK, waɗanda masu aikin fili suke amfani da su yanzu. Uba, in za ka iya, kwamfuta ko ta hannu ce ta fi masa babbar waya amfani. Na biyu, rubutu. Wanda zai iya rubuta rahoto mai shafi biyu da Turanci mai tsabta, ya kuma mayar da shi Hausa, ba ya rasa mai nemansa. Na uku, harshe. Mu Hausawa muna da wani sakaci, da yake kowa yana jin harshenmu sai ba ma koyon na kowa. Yaron da ya tashi a Sunkani ya iya Fulatanci, ya iya gaisuwa da ciniki da Mumuyanci ko harshen Kona, ya riƙe abin da ɗan Abuja mai digiri biyu ba shi da shi. Na huɗu, ya fara aikin sa kai tun yana aji biyu, ko rigakafi ne, ko rajista, ko rabon gidan sauro, don masu ɗaukar aiki gogewa suke tambaya. Na biyar, kada ya saki sana'ar gidansu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya iya binciken abin da mutane suke so da dalilin da ya sa suke saye, in ya zauna a shagon ubansa ma ba zai zauna kamar kowa ba.

Akwai damuwar da iyaye suke kawo mana a matsayinmu na masu jan salla: an ce a wannan fanni ana karanta mutanen da ba su yarda da Allah ba. Haka ne, za su karanta Kal Maks da Emil Durkaim da Maks Weba, kuma wasunsu suna kallon addini a matsayin abin da jama'a suka ƙaga. Ba za mu ɓoye wannan ba. Amma malamanmu na zaure ma sun karantar da mu maganganun ƙungiyoyin da suka saɓa, don a san su a san amsarsu. Yaron da ya tafi da tushe, yana da malamin da yake komawa wurinsa da tambaya, ba a tsawata masa don ya tambaya, in sha Allahu zai ɗauki dabarar bincike ya bar abin da ya saɓa wa aƙidarsa. Wani lokaci ma abin da suke karantawa wa'azi ne. Wani masani ɗan Nijeriya, Farfesa Pita Eke na Jami'ar Ibadan, ya yi wani shahararren rubutu a 1975 inda ya nuna cewa mulkin mallaka ya bar mana zaure biyu a zuciya: na dangi da ƙabila, inda mutum yake jin kunyar cin amana, da na gwamnati, inda yake ganin dukiyar ba ta kowa ba ce. Shi ya sa za ka ga mutumin da ba zai taɓa sisin kwabo na asusun masallaci ko na ƙungiyar garinsu ba, amma ya kwashe na ofis hankalinsa kwance, har a yi masa kirari a gida. Shekara nawa muna faɗin haramcin wannan a kan mumbari? Shi kuma ya nuna mana inda ciwon ya samo asali.

'Yan mata kuwa, muna ganin sun fi kowa dacewa da wannan fanni a irin unguwarmu. Rabin jama'armu suna cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga. Abin da ya shafi haihuwa, da ciyar da yara, da adashi, da ƙananan sana'o'in cikin gida, da zaman kishi, da halin da zawarawa suke ciki, mace ce kaɗai za ta ji gaskiyarsa. Duk wata hukuma ko ƙungiya da take son aiki a irin gidajenmu tana neman mace mai ilimi, mai kamun kai, wadda ake yarda da ita. In ba mu ba da namu ba, za a kawo wadda ba ta san bambancin turaka da tsakar gida ba.

Saura namu nauyin, mu dattawan unguwa. Yaran nan duk shekara suna neman abin da za su yi furojet a kansa, da yawa kuma sukan ƙare da kwafo na wasu daga intanet, a kan garuruwan da ba su taɓa gani ba. Ga aiki a ƙofar gida. Wa ya rubuta tarihin zuwan gidajen farko na unguwar nan, tun tsofaffin da suka sani suna raye? Gida nawa ne mu? Yara nawa ne ba sa zuwa boko ko Islamiyya, kuma me ya hana su? Almajirai nawa ne, daga ina suke, wa yake ciyar da su? Matasa nawa ne suka faɗa shaye-shaye, ta wace hanya kayan suke shigowa? Yaya bashi yake tafiya tsakaninmu da manoman da muke ba kuɗi kafin kaka, kuma ta ina saɓani yake tasowa? Muna roƙon mai unguwa da kwamitin masallaci da shugabannin kasuwa su kira ɗalibanmu da suke Jalingo da Wukari a zauna, a ba su waɗannan tambayoyi, a buɗe musu ƙofofi, da sharaɗin su kiyaye sirrin mutane kada a ambaci sunan kowa. Idan sun gama, a ajiye kwafi guda a wurin mai unguwa, a kuma taƙaita shi da Hausa a wannan mujalla. Ko zakkar da muke fitarwa za ta fi isa ga masu ita in akwai irin wannan rubutu a hannu.

Ba muna cewa kowa ya tura ɗansa soshiyoloji ba. Wanda Allah ya ba ƙwaƙwalwar kimiyya kuma ya samu gurbi, ya tafi, muna bukatar likitoci da injiniyoyi ƙwarai. Wanda kuma zuciyarsa ba ta wurin ko kaɗan, kada a tilasta masa zaman shekara huɗu. Amma yaron da yake da son mutane, mai yawan tambaya, mai haƙurin sauraron tsofaffi, in aka ba shi wannan gurbi, kada a sa shi zaman gida shekara guda yana jiran abin da ba tabbas. A bar shi ya tafi, a gaya masa tun ranar farko cewa takardar kaɗai ba za ta ciyar da shi ba, sai ya haɗa da alƙaluma da rubutu da harshe da sana'a.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani da abin yi na halal, ya zaunar da Sunkani da Taraba da ƙasa baki ɗaya lafiya. Wassalamu alaikum.